Sanyin Ofis Daga Aljihun 'Yan Kasuwa Yake Fitowa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ke zaune a rumfunan kasuwa da 'yan'uwanmu masu shaguna a Diffa, Maine Soroa, Bosso, N'Guigmi da garuruwan bakin Komadugu, yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da da yawa daga cikinmu ke ɗauka cewa bai shafe mu ba, wato yadda ake sanyaya ofisoshin gwamnati da na manyan kamfanoni. Na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada, ina ruwan mai kasa tattasai da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan muke kira kilima, 'yan'uwanmu na ƙetaren kogi kuma suke ce mata esi? To, baiwar Allah, da ruwanki. Wutar da kilimar nan ke sha daga layi ɗaya take fitowa da wadda firizarki ke jira, kuɗin da ake biyan ta da shi kuma daga harajin da ake karɓa a bakin rumfarki yake fitowa. Ra'ayina shi ne, a daina auna jin daɗin ofis da yawan na'urorin da aka liƙa a bango, a fara da hana zafi shiga ginin, sa'an nan abin da aka samu na rarar wuta da rarar kuɗi a karkatar da shi zuwa kasuwa.

Kada wani ya ɗauka cewa ƙyashin ma'aikata nake yi. Duk wanda ya yi bazara a ƙasar Manga ya san cewa zafin watannin Afrilu da Mayu ba abin wasa ba ne, domin kuwa ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki a jere. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi mai tsanani ya ratsa yankin Sahel, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawawwaki 102 a cikin kwana huɗu na farkon watan. Ma'aikacin da ke zaune a ƙarƙashin kwano da ƙarfe biyu na rana ba zai iya duba takardarka cikin natsuwa ba, likita ba zai iya aikin tiyata cikin gumi ba, allurar rigakafi da jinin da ake ajiyewa a asibiti kuma lalacewa suke yi in babu sanyi. Saboda haka sanyi buƙata ce. Tambayar ita ce, ta wace hanya za a same shi, nawa za a kashe, kuma wa zai kwana cikin duhu saboda shi?

Mu fara da inda wutar take fitowa. Diffa tana da nisan sama da kilomita 1,300 daga Yamai, kuma tun asali wutarta ba a haɗe take da babban layin da ke ciyar da babban birnin ba. Layin da ke kawo mana wuta daga Damasak ta Jihar Barno rikicin Boko Haram ya sha katse shi, aka bar garin da injuna masu shan mai na kamfanin NIGELEC. Abin takaici, ɗanyen man Agadem daga ƙarƙashin ƙasar jiharmu ake haƙo shi, amma sai ya je matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kafin tanki ya ɗauko shi ya yi tafiyar sama da kilomita 400 ya dawo mana da shi. A ƙasa baki ɗaya ma mun ga abin da dogaro ke jawowa: kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Nijeriya take zuwa, kuma da aka yanke ta a watan Agustan shekarar, ba a maido ba sai Maris na 2024. Wanda ke shan ruwa a rijiya mai zurfi irin wannan, bai kamata ya ɗiba da guga mai huda ba.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Kilima mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wadda aka fi gani a ofisoshi, takan ja wuta sama da wat 1,000 in tana aiki. Fankar sama takan ja wat 60 zuwa 75. Firizar da ake daskarar da ƙanƙara, zoɓo da kunun aya a ciki kuwa yawanci tsakanin wat 100 ne da 200. Ke nan kilima guda ɗaya tana cin abincin fanka wajen goma sha biyar, ko kuma na firiza biyar zuwa goma. A zafin bazara injin kilima kusan ba ya hutawa, saboda haka in aka bar ta a kunne awa goma, za ta lashe wutar da injin gazuwal ke ƙona lita uku zuwa huɗu kafin ya samar. Ku ninka wannan da ɗaki ashirin na ma'aikata guda ɗaya, ku ƙara da daren da mai gadi ya manta bai kashe ba, da Asabar da Lahadin da babu kowa a ciki sai kujeru da takardu. Kujerar ofis ba ta gumi, amma ana sanyaya ta da wutar da za ta ishi matan unguwa guda su yi sana'a.

Ta nan ne ɗan kasuwa ke biya sau biyu. Biya na farko a fili yake: kuɗin wutar ofisoshin gwamnati daga baitulmali ake fitar da shi, baitulmali kuwa da patanti, da kuɗin tikitin kasuwa, da kuɗin duwan, da harajin da ke kan kowane buhun sukari ake cika shi. Biya na biyu shi ne wanda ya fi ciwo. Idan injuna suka gaza ɗaukar nauyin gari da tsakar rana, dole a yanke wa wasu unguwanni, kuma ofis mai janareta ba ya jin komai, illa ya ƙara ƙona man da mu ne dai za mu biya. Mai ƙanƙara kuwa ta wayi gari da ruwa a leda, mai kifi ya karya farashi kafin wari ya tashi, tela ya zauna yana kallon keke, mai niƙa ya mayar da mata gida da hatsinsu. Kada mu manta cewa kasuwar Diffa ba ta gama farfaɗowa daga abin da ya same ta ba. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015 aka hana cinikin jan tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya, ba a ɗage hanin ba sai a 2017, na kamun kifi da cinikinsa kuma ya kai har 2019. Mutanen da suka sha wannan wahala ba su da jarin da za su riƙa asarar sa saboda sakacin wani.

Abin da aka saba yi idan ofis ya yi zafi shi ne a rubuta takarda, a fitar da kuɗi, a sayo ƙarin kilima ko wadda ta fi girma. Wannan ɗiban ruwa da kwando ne. Kilima ba ta ƙera sanyi, aikinta kawai shi ne ta kwashe zafin da ke cikin ɗaki ta zubar da shi waje, kamar mai kwarfe ruwa daga kwale-kwale. In kwale-kwalen na yoyo, mai hankali zai fara toshe ɓarakar ne kafin ya nemo ƙarin masu kwarfa. Zafin ofis kuwa ta hanyoyi sanannu yake shiga: ta rufin kwano ko dakalin siminti da rana ke dukan sa tun safe, ta gilashin tagogin gabas da yamma, ta ƙofar da ake bari a buɗe, ta tsagar da ke ƙarƙashin taga, da kuma tsofaffin ƙwayayen lantarki da na'urorin da ke ɗumama ɗakin daga ciki. Kowace ɓaraka da aka toshe, nauyi ne aka sauke wa kilima, wuta ce kuma aka bar wa gari.

Domin kada a ce wannan tunanin talaka ne, bari mu leƙa gidan masu kuɗi. A birnin New York na Amurka akwai wani dogon bene mai suna Empire State, mai hawa 102, wanda aka gama ginawa a 1931, cike yake da ofisoshin haya. Da injunan sanyaya shi suka tsufa, masu haya suna ƙorafi, shawarar farko ita ce a gina sabuwar tashar sanyi wadda ta fi tsohuwar girma. Amma a 2009 masu ginin suka sanar da wani tsari dabam. Suka cire gilasan tagoginsa 6,514, suka gyara su a cikin ginin kansa ta hanyar sa musu wani siririn shafi a tsakani da ke rage wucewar zafi, suka mayar da su. Suka gyara fitilu, suka sa na'urorin da ke auna yawan iskar da kowane hawa ke buƙata, suka kuma ba kowane mai haya damar ganin wutar da yake sha da idonsa. Da aka gama wannan sai buƙatar sanyi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, har ta kai ga tsofaffin injunan nan, bayan an sabunta kayan cikinsu, sun wadatar, ba a sayi manya ba.

Lissafin da aka yi shi ne ginin zai rage shan makamashi da kashi 38 cikin 100, wato rarar kimanin dala miliyan 4.4 na Amurka a kowace shekara, ƙarin kuɗin da aka kashe kuma zai dawo cikin wajen shekara uku. Ku duba, 'yan kasuwa ne suka yi wannan, mutanen da ba su sakin kwabo sai sun ga riba, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa kamar tamu. Diffa gari ne na gine-gine gajeru, dogayen benaye irin su El Nasr suna Yamai, amma darasin ɗaya ne, kuma a wurinmu ya fi sauƙi da araha, tun da yake ginin da ke da hawa ɗaya ko biyu mafi yawan zafinsa daga rufi yake saukowa, rufi kuwa tsani ɗaya ya isa a hau shi.

Me ya kamata a yi? Na farko, a shafe rufin ofisoshi da farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi da tsatsa kuwa haɗiye shi suke yi. Kowa ya san bambancin sa farar riga da baƙa a bazara. Na biyu, a yi silin mai kauri, a bar kafar da iska mai zafi za ta fita tsakaninsa da kwano. Na uku, a yi wa tagogin gabas da yamma rumfa daga waje, domin labulen ciki ba ya hana zafin da ya riga ya ratso gilashi. Na huɗu, a dasa dogon yaro a gefen da ranar yamma ke duka, a kuma naɗa wanda zai shayar da shi, ba a dasa ranar bikin 3 ga Agusta a bar wa awaki ba. Na biyar, a toshe tsagogi, a sa wa ƙofofi abin da zai riƙa mayar da su da kansu. Duk waɗannan ayyuka ne da magina, kafintoci, masu walda da masu fenti na cikin gari za su iya, kuɗin kuma a kasuwarmu zai zagaya maimakon ya tafi ƙasar da aka ƙera na'urar.

Sai kuma kula da na'urorin da ake da su. Ƙurar hunturu da ta guguwar bazara tana toshe rariyar kilima, ta kuma lulluɓe injin da ke waje, sai ya riƙa wahala yana shan wuta ba tare da sanyin kirki ba. Wanke rariya aikin minti goma ne. Injin waje kuma yana son inuwa da sararin shan iska. Bugu da ƙari, akwai ɗabi'ar nan ta saita kilima a kan 16 ko 18, har ka ga babban mutum ya ɗora kwat a cikin ofis alhali a bakin ƙofarsa mutane na neman suma. Ƙasar Japan, duk da arzikinta, a 2005 ta umarci ofisoshin gwamnati su tsaya a kan digiri 28 a lokacin zafi, ma'aikata su ajiye kwat da laƙataye. Indiya kuma daga Janairun 2020 ta wajabta cewa kowace sabuwar kilima ta fito daga kamfani a saite a kan 24, bisa lissafin hukumarta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage shan wuta da kimanin kashi 6 cikin 100. Mu da Allah Ya ba mu tufafi masu shan iska, idan aka tsaya a kan 26 aka haɗa da fanka, babu wanda aikinsa zai tsaya.

Har ila yau, ba kowane ɗaki ne ke buƙatar kilima ba. Iskarmu ta rani busasshiya ce, busasshiyar iska kuwa da ta ratsa jiƙaƙƙen abu sai ta yi sanyi. Sirrin randa ke nan, kuma shi ne sirrin na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa da ake gani a gidaje da yawa, wadda wutar da take sha ba ta wuce ta firiza ɗaya ba. Tana aiki sosai daga Maris zuwa Mayu, ƙarfinta na raguwa idan damina ta sauka iska ta yi danshi. A zauren jira, da ɗakin taro mai buɗaɗɗun tagogi, ita da fanka sun wadatar, a bar kilima ga ɗakin tiyata, ɗakin magani da ɗakin kwamfutoci. Wannan hikima ce ta sa wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, ana zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai kayan miyar da ke lalacewa cikin kwana uku su yi makonni. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan haka. Abin da duniya ta yaba, bai kamata mu raina shi don na ƙasa ne ba.

Game da sababbin gine-gine kuwa, ina kira ga masu zana su da su ji tsoron Allah su duba inda muke zaune. Yayin da ake yi yanzu shi ne a lulluɓe fuskar gini da gilashi don ya yi kama da na Turai ko na Dubai. Gilashi a ƙasar sanyi alheri ne, domin yana tara ɗumi. A Sahel kuwa tanda ne aka gina, sa'an nan a shekara talatin ana biyan kuɗin kashe wutarsa. A birnin Harare na Zimbabuwe an buɗe ginin ofisoshi da shaguna mai suna Eastgate a 1996, wanda Mick Pearce ya zana yana koyi da surin gara: ana jawo iskar dare ta sanyaya kaurin simintin ginin, da rana kuma iska mai zafi ta fita ta bututun sama. Gaskiya ne Harare tana kan tudu, darenta ya fi namu sanyi, saboda haka ba za a kwafo shi yadda yake ba. Amma kakanninmu da suka yi soro mai kaurin bango da ƙananan tagogi, tun kafin a san lantarki, tunanin da suka yi ke nan, kuma duk wanda ya taɓa shiga zauren ƙasa da tsakar rana ya san bambancinsa da ɗakin bulo mai rufin kwano.

Wata matsalar ita ce tsofaffin na'urorin gwanjo. Kilima da firij ɗin da aka gama da su a wata ƙasa, su ake lodowa a kawo mana, mu saya muna murnar araha, alhali kuwa araha ba ta ado. Abin da ka rage wurin saye, za ka biya shi ninki a kuɗin wuta da na mai gyara. Ƙasar Gana ta gane haka, ta kafa dokar hana shigo da tsofaffin firij da kilima tun 2008, ta kuma tsananta aiwatar da ita daga 2013, tare da tilasta liƙa wa sababbi alamar taurari da ke nuna yawan wutar da suke sha. Ƙungiyar UEMOA, wadda muke amfani da kuɗinta, ita ma ta fitar da ƙa'idoji a 2020 a kan irin wannan alama da kuma tsimin makamashi a gine-gine. Ya kamata duk ma'aikatar da za ta sayi na'ura da kuɗin jama'a ta zaɓi mai tsimin wuta, irin wadda injinta ke rage gudu da kansa idan ɗaki ya yi sanyi, kuma a auna girman ɗaki kafin a zaɓi girman na'ura.

Na san abin da za a ce: gwamnati na fama da matsalar tsaro, ga 'yan gudun hijira, ga ambaliyar Komadugu da ta sha raba mutane da gidajensu da gonakinsu kamar yadda aka gani a 2019 da 2022, ina ta ga kuɗin fentin rufi? Amsa ita ce, ai kuɗin ana kashe shi yanzu haka, kowane wata, a takardar kuɗin wuta da man janareta, sai dai ba a ganin sa domin a tsiyaye yake fita. Fentin rufi da wankin rariya ba su kai kuɗin sabuwar kilima ɗaya ba. Abin da ya sa ba a son su, mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, shi ne ba su da romo. Sayen na'ura hamsin kwangila ce babba mai bikin miƙawa da ɗaukar hoto, amma babu wanda ake yi wa tafi don ya kashe kilimar ofis kafin ya tafi gida. Dalili na biyu shi ne, wanda ke shan wutar ba shi ke biya ba, takardar tana tafiya can wani ofishi ne da bai taɓa gani ba. Kowace mai sana'a ta san yadda yarinyar talla ke riƙe kuɗi idan an ce ribar tata ce, da yadda take riƙewa idan na uwar ɗaki ne.

To, idan aka samu rarar, ina za a kai ta? A kai ta kasuwa, inda dubban mutane ke wuni cikin rana. A garin Dandaji na jihar Tawa, 'yar ƙasarmu mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara ta tsara kasuwa a 2018, rumfunanta na tubalin ƙasa, a samansu kuma wasu faya-fayan ƙarfe masu launi, wani sama da wani, suna yin inuwa kamar rassan itace suna barin iska ta wuce. Babu kilima ko ɗaya a wurin. A Nijeriya kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni, mai tumatir ko ɗanyen tattasai ta ajiye kwandonta ta biya kuɗin kwana ɗaya. Ku yi tunanin irin wannan ɗaki a kasuwar Diffa, ko a inda ake sauke kifin tafkin Cadi, ko a N'Guelbély ta sashen Maine Soroa, ƙasar makiyaya, inda matan Fulani ke da nono a damina fiye da yadda za su iya sayarwa kafin ya yi tsami. Rana da ke ƙona mu ita ce kuma za ta iya daskarar mana da ƙanƙara, kamar yadda tashar hasken rana ta Malbaza ke ba da wuta tun 2018, ta Gorou Banda kuma tun 2023.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu gyaran, domin in za ka faɗi wa wani gaskiya, fara da kanka. Firizar da aka ajiye a inda rana ke duka, ko aka matse bayanta da bango, ƙarin wuta take sha. A ba ta tazarar tafin hannu ko fiye, a share ƙurar bayanta, a duba robar murfinta: in ka maƙale takarda a bakin murfin ka ja ta fito ba tare da wata turjiya ba, robar ta mutu, sanyi na zurarewa. Kada a zuba zoɓo ko kunu da zafinsa, a bari ya huce. Kada a bar ƙanƙara ta yi kauri a jikin bango. Mai shagon kwano ya shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashin rufi, ya shafe saman da fari, zai ga bambanci a jikinsa da kuma jikin kayansa, musamman masu sayar da magani, sabulu, man shafawa da alewa. Mata masu adashe kuma su duba ko kwasa biyu ko uku za su iya haɗuwa a sayi firiza mai aiki da sola a yi tarayya a kanta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, ga kirana ga mai girma gwamnan jiha, da hukumomin gari, da shugabannin ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji da suka cika Diffa da ofisoshi da janareta. A sa wa kowace ma'aikata mitar biya kafin sha, a ware mata kasonta na wata, abin da ta rage a bar mata wani ɓangare ta yi gyara da shi. A liƙa takardar kuɗin wutar kowane wata a allon sanarwa inda mai zuwa neman takarda zai gani. Kada a sa hannu a sayen sabuwar kilima sai an tabbatar an gyara rufi da tagogin ɗakin. A ba ɗaliban Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, aikin zagayawa su auna zafi da shan wutar gine-ginen gwamnati, su fitar da sakamakon kowa ya ji a rediyo. Shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata kuwa, idan aka kira ku taro a ɗakin nan mai sanyi, kada ku tsaya ga maganar haraji kaɗai. Ku tambayi nawa aka biya na wuta a watan jiya, ku tambayi yaushe za a yi wa kasuwa inuwa da ɗakin sanyi. Haƙƙinku ne, domin da guminku aka sayi sanyin da kuke zaune a ciki.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.